Auna sinadaran tsiro a ciwon idon masu suga

Auna sinadaran tsiro a ciwon idon masu suga wata hanya ce ta binciken likitanci da ake gwada yawan wasu furotin a cikin ruwan ido, ko jini, ko hawaye, domin a gane irin ɓarnar da ciwon suga ya yi wa tantanin gani da ke can bayan ido, wanda likitoci ke kira retina. Sinadarin da aka fi aunawa shi ne VEGF, wanda ke sa sababbin jijiyoyin jini su tsiro, yake kuma sa waɗanda ke akwai su riƙa yoyo. Bincike ya tabbatar da cewa VEGF yana hauhawa sosai a cikin idon da cutar ta yi tsanani, kuma wannan ilimi ne ya haifar da alluran ido da ake yi wa masu cutar a yau. Sai dai yawansa a cikin jini ba ya nuna halin da ido ke ciki daidai. Saboda haka har yanzu aikin masu bincike ne, bai shiga cikin gwaje-gwajen yau da kullum na asibiti ba, kuma likitoci a Kano da sauran duniya suna dogara ne da duba bayan ido kai tsaye.

Ma'anar kalmomi

Sinadaran tsiro furotin ne da ƙwayoyin jiki ke fitarwa don aika wa maƙwabtansu saƙo: su rabu su yawaita, ko su matsa wani wuri, ko su ci gaba da rayuwa. Jiki na buƙatarsu wajen girman jariri a ciki da wajen warkewar rauni. VEGF taƙaitaccen suna ne daga Turanci, kuma ma'anarsa ita ce sinadarin da ke haɓaka ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyar jini. Alamar cuta kuwa, a harshen masu bincike, ita ce duk wani abu da za a iya aunawa a jiki a ba shi lamba, lambar ta nuna akwai cuta, ko ta nuna tsananinta, ko inda ta dosa. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku da suka wuce, misali ne na irin wannan alama da ta karɓu.

Ciwon retina na masu suga daban yake da yanar ido, inda gilashin cikin ido ke yin fari, daban yake kuma da hawan jinin ido, wato gilakoma, duk da cewa mai ciwon suga ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da su ma.

Yadda suga ke lalata retina

Retina na cikin sassan jiki da suka fi cin iskar oksijin, kuma ƙananan jijiyoyi ne siraran gaske ke kai mata jini. Idan suga ya daɗe yana da yawa a jini, ƙwayoyin da ke tallafe bangon waɗannan jijiyoyi sukan mutu. Bangon ya yi rauni, ya kumbura a wasu wurare, ya fara zubar da jini da ruwa da kitse. Wasu jijiyoyin kuma su toshe gaba ɗaya. Wannan shi ne matakin farko, kuma mutum na iya shekaru a cikinsa yana gani garau, ba ciwo ba ƙaiƙayi.

Yankin da jini ya daina kaiwa yakan shiga ƙarancin oksijin. A nan ne wani furotin mai suna HIF-1 ke taruwa a cikin ƙwayoyin, ya umarce su da su ƙara samar da VEGF. Gano wannan tsari na yadda ƙwayoyin jiki ke jin ƙarancin oksijin shi ya sa aka ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel ta fannin likitanci a shekarar 2019. Manufar jiki ita ce ya samar da sababbin hanyoyin jini, amma jijiyoyin da ke tsirowa a retina ba su da ƙwari. Suna fashewa su cika ido da jini, suna barin tabo, tabon kuma ya ja retina ya ɗaye ta daga mazauninta. Wannan shi ne mataki mai tsanani, wato matakin tsirar jijiyoyi. A kowane mataki kuma ruwa na iya taruwa a tsakiyar retina, wurin da ake kira makula, wanda da shi ake karatu da gane fuskar mutane. Kumburin makula shi ne ya fi yawan rage wa masu suga gani.

Tarihi

Hermann von Helmholtz ya ƙirƙiro madubin duba cikin ido a shekarar 1851, kuma a cikin shekarun 1850 ɗin Eduard Jaeger na birnin Biyana ya bayyana sauye-sauyen da ya gani a idon mai ciwon suga. A shekarar 1948 likitan ido Isaac Michaelson ya kawo ra'ayin cewa retina da kanta ce ke fitar da wani sinadari da ke jawo tsirar jijiyoyi. An shafe shekaru arba'in ana kiran wannan abu "sinadarin X" saboda ba a san ko mene ne ba.

A shekarar 1953 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Jacob Poulsen, ya ba da rahoton wata mata mai ciwon suga da ciwon idonta ya ja baya bayan da ƙullin fituwitari da ke ƙasan ƙwaƙwalwarta ya lalace sakamakon haihuwa. Wannan ya sa aka fara zargin sinadarin girman jiki, har aka riƙa lalata ƙullin da gangan don ceto ganin wasu marasa lafiya, kafin maganin hasken leza ya maye gurbin wannan aiki mai haɗari. Babban gwajin da aka yi a Amurka, wanda sakamakonsa ya fara fitowa a 1976, ya nuna cewa ƙona gefen retina da leza yana rage haɗarin mummunar asarar gani da fiye da rabi.

A 1983 Donald Senger da Harold Dvorak da abokan aikinsu a Boston suka gano wani furotin da ciwon daji ke fitarwa wanda ke sa jijiyoyi yoyo. A 1989 Napoleone Ferrara da William Henzel na kamfanin Genentech suka ware wani furotin da ke sa ƙwayoyin jijiya su yawaita, suka sa masa suna VEGF. Daga baya aka gane abu ɗaya ne.

Shekarar 1994 ce ta haɗa wannan sinadari da ido. Ƙungiyar Anthony Adamis da ta Lloyd Paul Aiello, duka a Boston, suka wallafa sakamakon auna VEGF a ruwan idon marasa lafiya. A binciken Aiello, wanda ya fito a mujallar New England Journal of Medicine, matsakaicin VEGF a idanun da jijiyoyi ke kan tsirowa ya kai nanogiram 3.6 a kowace mililita, alhali a idanun da ke matakin farko da na waɗanda ba su da suga bai wuce 0.1 ba. A idanun da cutar ta lafa kuwa 0.2 aka samu, kuma yawansa ya sauka bayan an yi nasarar maganin leza.

Sinadaran da ake aunawa

VEGF-A shi ne babba a cikin dangin, kuma shi ake nufi idan aka ce VEGF kawai. Ƙwayoyin retina iri-iri ne ke samar da shi, ciki har da ƙwayoyin Müller da ke tallafe jijiyoyin gani. Ban da shi akwai waɗannan:

PlGF, ɗan dangin VEGF ne da aka fara samu a mahaifa. Yana ƙaruwa a idon da cutar ta yi nisa, kuma yana da hannu a kumburi.

IGF-1, sinadarin da hanta ke samarwa bisa umarnin sinadarin girman jiki. Ana danganta shi da yadda cutar kan tsananta a lokacin balaga da lokacin juna biyu.

Eritorofoyetin, wanda aka fi sani da aikin ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Masu bincike a Japan sun ba da rahoto a 2005 cewa yana da yawa a ruwan idon masu tsirar jijiyoyi, kuma yana aikinsa ba tare da ya jingina da VEGF ba.

Anjiyofoyetin-2, wanda ke sassauta bangon jijiya, ya sa ta fi saurin amsa kiran VEGF.

CTGF, wanda ke da hannu wajen samuwar tabo. Idan ya rinjayi VEGF, ido kan karkata daga tsirar jijiyoyi zuwa tabon da ke jan retina.

PEDF, wanda aikinsa kishiyar na VEGF ne, domin yana hana jijiyoyi tsirowa. Bincike da dama sun same shi ƙasa-ƙasa a idanun da cutar ta tsananta, shi ya sa wasu ke auna rabon VEGF da PEDF maimakon lamba ɗaya.

Inda ake ɗibar samfur

Ruwa mai kauri da ya cika bayan ido, wanda yawansa ya kai kimanin mililita 4, shi ya fi kusa da retina, kuma shi ya fi nuna gaskiyar abin da ke faruwa a cikinta. Matsalarsa ita ce ba a samunsa sai ta hanyar tiyata ko huda ido. Galibin abin da aka sani game da shi ya fito ne daga mutanen da dama za a yi wa aiki saboda jini ya cika musu ido ko retina ta ɗaye, wato waɗanda cutarsu ta riga ta yi nisa.

Ruwan gaban ido, wanda ke tsakanin baƙin ido da gilashinsa, ya fi sauƙin samu. Ana zuƙo ɗan kaɗan, kimanin kashi ɗaya cikin goma na mililita, da siririyar allura, sau da yawa a lokacin aikin cire yana ko kafin allurar ido. Yawan VEGF a cikinsa yakan bi sahun na ruwan baya, ko da yake ya fi shi ƙasa. Shi ma huda ido ne, don haka ba a yi wa mutumin da ya zo duba lafiya kawai.

Jini shi ne mafi sauƙi, kuma shi masu bincike suka fi fatan ya yi aiki, domin kowane ƙaramin asibiti na iya ɗibarsa. Hawaye kuma ana tattara su da ɗan siririn bututu ko da takarda mai tsotse ruwa. Ba su da zafin ɗiba, amma ba sa haɗuwa da retina kai tsaye, kuma bushewar ido ko ciwon saman ido na iya sauya sakamakon.

Yadda ake gwajin

Hanyar da aka fi bi ita ce ELISA, wadda Eva Engvall da Peter Perlmann suka bayyana a Suwidin a shekarar 1971. Ana amfani da faranti mai ramuka 96 da aka shafe da antibodi, wato furotin na garkuwar jiki da ke kama sinadari guda ɗaya tak. A zuba samfurin, sinadarin ya maƙale, a wanke sauran. Sai a ƙara antibodi na biyu mai ɗauke da abin da ke sauya launi. Na'ura ta karanta ƙarfin launin, a kwatanta shi da na samfuran da aka san yawan sinadarinsu. Ana ba da sakamakon da fikogiram a kowace mililita, fikogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na giram. Akwai kuma na'urori masu amfani da ƙananan ƙwallaye masu launi, waɗanda ke auna sinadarai da yawa a lokaci guda daga ɗigo kaɗan, abin da ya dace da ruwan ido da ba a samunsa da yawa.

Kayan gwajin suna buƙatar ajiya a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Salshiyas, samfuran da za a adana kuma ana daskarar da su a digiri 80 ƙasa da sifili. Narkewa da sake daskarewa na ɓata sakamako.

Dalilin da gwajin jini ke ruɗarwa

Akwai shinge tsakanin jini da retina da ke hana abubuwa ratsawa yadda suka ga dama, sannan ido ƙaramin gaɓa ne idan aka kwatanta da lita biyar na jinin babban mutum. VEGF na iya ninkawa sau da yawa a cikin ido ba tare da jinin hannu ya nuna wani sauyi a fili ba.

Na biyu, ƙwayoyin da ke daskarar da jini suna ɗauke da VEGF mai yawa, suna kuma sakinsa idan jini ya daskare a cikin kwalba. Saboda haka ruwan da aka tace bayan jini ya daskare, wato siram, yakan ba da lamba sama da ta filasma, wanda ake warewa kafin daskarewa. Jinkirin kai samfur ɗakin gwaji ma kan ƙara lambar.

Na uku, abubuwa da yawa na sauya VEGF a jini: ciwon daji, ciwon ƙoda, kumburi, rauni, juna biyu da wasu magunguna. Su kansu wasu alluran ido suna ratsawa cikin jini su rage VEGF na tsawon kwanaki ko makonni. Kayan gwaji na kamfanoni daban-daban kuma ba sa ba da lamba ɗaya a kan samfur ɗaya. Wannan ya sa wasu nazarce-nazarce suka sami alaƙa tsakanin VEGF na jini da tsananin ciwon ido, wasu kuma ba su samu ba, kuma ba a cimma matsaya a kan wata lamba da za a ce daga ita cuta ta fara ba. Inda ake amfani da gwajin VEGF na jini a asibiti shi ne wajen gano wata cuta da ba kasafai ake samunta ba mai suna POEMS.

Amfanin da aka samu a magani

Ko da yake gwajin bai zama na yau da kullum ba, sakamakonsa ya sauya yadda ake maganin cutar. Da aka tabbatar VEGF ne ke kan gaba, sai aka koma neman abin da zai toshe shi. Bevacizumab, wanda ake sayarwa da sunan Avastin, an amince da shi a Amurka a 2004 don ciwon dajin hanji, kuma daga 2005 likitocin ido suka fara yin allurarsa a cikin ido. An amince da ranibizumab, wato Lucentis, don kumburin makula na masu suga a 2012, sai aflibercept, wato Eylea, a 2014, wanda ke kama VEGF da PlGF. Faricimab, wato Vabysmo, ya biyo baya a 2022, yana toshe VEGF-A da anjiyofoyetin-2 tare. Bevacizumab ya fi sauran araha nesa ba kusa ba, domin ana raba kwalba ɗaya ga mutane da yawa, shi ya sa aka fi amfani da shi a ƙasashe masu tasowa.

Alluran suna buƙatar maimaitawa, sau da yawa duk wata a farkon magani, kuma wasu idanun ba sa amsawa yadda ake so. A nan ne masu bincike ke ganin auna ruwan gaban ido zai iya taimakawa nan gaba: a bambanta idon da VEGF ke jan ragamar cutarsa da wanda kumburi ya fi yawa a cikinsa, wanda ƙila maganin siteroyid ya fi dacewa da shi.

A Najeriya da Kano

Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke da ciwon suga a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna da shi ba. Ƙiyasinta na Najeriya ya kai kimanin miliyan 3.6. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007, wanda ya duba mutane sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, kuma yanar ido da gilakoma ne manyan dalilai. A cikin wannan rukuni kimanin kashi 3.3 cikin ɗari na da ciwon suga, kusan rabinsu ba su sani ba.

A Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda jama'a ke kira Asibitin Malam, yana kan titin Zariya a yankin Gyaɗi-Gyaɗi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni. An kafa shi a 1988, kuma a nan ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero ke samun horo. Yana da sashen ido da asibitin masu ciwon suga, yana kuma karɓar marasa lafiya daga Kano da Jigawa da Katsina da sauran maƙwabta. Wani bincike da likitocin asibitin suka wallafa a mujallar Annals of African Medicine a 2012 ya duba idanun masu suga sama da 200 da ke zuwa asibitin, ya sami alamun ciwon retina a kimanin kashi ɗaya cikin uku. Sauran wuraren da ake duba ido a birnin sun haɗa da Asibitin Ido na ECWA da ke Sabon Gari, wanda aka buɗe a 1943, da Asibitin Ido na Makkah, da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. Cibiyar Ido ta Ƙasa kuma tana Kaduna.

Duk mai son auna sinadaran tsiro a arewacin Najeriya sai ya yi la'akari da wasu abubuwa. Daga waje ake shigo da kayan gwajin, don haka farashinsu na bin canjin kuɗi. Ajiyarsu na buƙatar wutar lantarki da ba ta yankewa, a garin da zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Sannan cutar sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, ita ma tana toshe jijiyoyin retina ta jawo tsirar sababbi ta hanyar VEGF. Mai bincike dole ya tantance ta, tare da zazzaɓin cizon sauro da ciwon ƙoda, kafin ya ɗora wa suga alhakin lambar da ya samu.

Hanyoyin da asibitoci ke dogara da su

Ana gano cutar ne ta hanyar ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido, sannan likita ya duba retina da madubi ko ya ɗauki hotonta. Na'urar OCT, wadda aka fara bayyanawa a 1991, tana auna kaurin makula ba tare da taɓa ido ba. Hoton da ake ɗauka bayan an yi allurar rini a jijiyar hannu yana nuna inda ke yoyo da inda ya toshe. Ingila ta fara shirin ɗaukar hoton idon masu suga na ƙasa baki ɗaya a 2003, kuma a 2018 Amurka ta amince da wata manhajar kwamfuta mai suna IDx-DR da ke karanta hoton retina da kanta.

Ƙa'idar da likitoci suka fi bi ita ce a duba idon mai ciwon suga nau'i na biyu da zarar an gano cutar, domin sau da yawa ta daɗe a jikinsa kafin a sani. Mai nau'i na ɗaya kuma a duba shi cikin shekaru biyar da farawa. Bayan haka a riƙa dubawa duk shekara, ko fiye idan an ga alama. Mace mai suga da ta sami ciki ana duba ta tun farkon cikin. Babban gwajin DCCT da aka wallafa a 1993 ya nuna cewa tsananta kula da suga a masu nau'i na ɗaya ya rage haɗarin fara ciwon retina da kashi 76 cikin ɗari, gwajin UKPDS na Birtaniya kuma ya nuna a 1998 cewa sauke suga da hawan jini na kare idon masu nau'i na biyu. Alamomin da ke buƙatar a garzaya asibiti sun haɗa da ganin baƙaƙen ɗigo ko zare suna yawo a gaban ido, dushewar gani farat ɗaya, da ganin layi miƙaƙƙe ya lanƙwashe.